Wurno, Garin Ribaɗin Sarkin Musulmi Bello: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya shiga Wurno yau zai ga garin manoma, da buhunan albasa da tafarnuwa jibge a bakin hanya. Ba lalle ya gane cewa daga nan aka yi shekaru ana aika wasiƙu zuwa Kano da Zazzau da Adamawa ba. Mun tattara tambayoyin da ɗalibai da masu ziyara suka fi yi game da garin. Yawancin amsoshin suna komawa ga abu biyu: tudun da garin ke kai, da fadamar da ke ƙarƙashinsa.

Ina Wurno take, kuma yaya ake zuwa?

Tana jihar Sakkwato, arewa maso gabas da birnin Sakkwato, tazarar kilomita 40 zuwa 45. Daga Sakkwato ana bin hanyar Goronyo, a wuce Achida, sannan a ratse zuwa garin. Ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Wurno, ɗaya daga cikin 23 na jihar, mai faɗin murabba'in kilomita 685. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum kimanin 162,000. Wannan adadin na ƙaramar hukumar ne gaba ɗaya, har da Achida, Dinawa, Marnona, Kwargaba, Dimbiso da Magarya. Masu rubutu kan yi kuskuren ɗora shi a kan garin kaɗai, sai su mai da shi birni. Maƙwabtanta su ne Goronyo, Rabah, Kware da Gwadabawa.

Akwai wata Wurno a ƙasar Birnin Kudu ta jihar Jigawa. Ba ita ake nufi ba.

Me ya sa aka kafa garin a wannan wuri?

A tsaya a gefen garin da ke fuskantar gulbi, a duba ƙasa, amsar za ta fito da kanta. Garin na zaune a kan tudun dutse da ya leƙo kwarin Gulbin Rima. Mai gadi a kan ganuwa yana hango ƙurar dawaki tun daga nesa. Da damina kuma fadama kan cika, ta zama laka da ruwa, doki ba ya ratsa ta da gudu. Wato ɓangare guda na garin Allah ne ya yi masa ganuwa.

Fadamar da ke tare abokan gaba ita ce kuma ke ciyar da mutanen ciki. Garin yaƙi da ba shi da abinci a kusa ba ya daɗewa, domin duk wanda ya tare hanyar hatsi ya gama da shi. A Wurno akwai shinkafa a fadama, gero da dawa a tudu, ciyawar dawaki har cikin rani, ga ruwa ba nisa.

Sai dalili na uku, wato inda barazanar take fitowa. Bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, Gobirawa ba su miƙa wuya duka ba. Katsinawan da suka ƙi bin jihadi sun kafa zamansu a Maraɗi, ga kuma Abzinawa daga arewa. Duk rundunar da ta taso daga waɗannan wurare tana nufin Sakkwato, kwarin Rima ne hanyarta mafi sauƙi, saboda ruwa da abincin dabbobi. Wurno ta zauna daidai a kan wannan hanya.

Wa ya kafa ta, kuma yaushe?

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An haife shi a 1781, shi ya gina Sakkwato a 1809, ya karɓi mubaya'a a 1817 bayan rasuwar Shehu. Kafin Wurno ya zauna a Magarya, kusa da nan, inda Baturen Birtaniya mai yawon bincike, Kilafaton (Hugh Clapperton), ya riƙa iske shi a zuwansa na biyu, tsakanin 1826 da 1827. A ƙarshen shekarun 1820 ne Bello ya mai da hankali ga Wurno, ya kewaye ta da ganuwa, ya zauna a cikinta.

Mene ne ribaɗi? Ba sansanin yaƙi ba ne kawai?

A'a. Sansani ana kafa shi don yaƙi ɗaya, a tashe shi in an gama. Ribaɗi gari ne na dindindin a bakin iyaka, wanda mazaunansa suka ɗauki tsaron iyakar a matsayin ibada. Asalinsa hadisi ne da ya zo a Sahihu Muslim, cewa ribaɗin yini da dare ya fi azumin wata da tsayuwarsa, kuma wanda ya mutu yana ribaɗi ladar aikinsa ba ta yankewa.

A aikace ribaɗi yana da ganuwa da ƙofofi, masallacin Juma'a, limami, alƙali, makaranta, kasuwa, da gonaki a kewaye. Ana naɗa masa shugaba, galibi daga 'ya'ya ko 'yan uwan Sarkin Musulmi, a ba shi mutane. Bello ya yi amfani da wannan tsari wajen zaunar da Fulani makiyaya wuri ɗaya, yana ƙarfafa su da su rage yawon kiwo, su riƙe dawaki, su sa yara karatu. An kuma zaunar da bayi da waɗanda aka kamo a yaƙi, su ne suka ɗauki kaso mai yawa na aikin gona da gini. Wannan ɓangaren ba a cika faɗarsa ba, amma tarihin garin bai cika sai da shi.

Wurno ba ita kaɗai ba ce. Akwai Lajinge da Shinaka da wasu, jere kamar ƙaya a bakin gona. Abin da ya bambanta ta shi ne Sarkin Musulmi da kansa ne mai riƙe da ita.

To, ta taɓa zama babban birnin daular Usmaniyya ke nan?

Ya danganta da abin da ake nufi. Sakkwato ba ta taɓa rasa matsayinta ba: can hubbaren Shehu yake, can manyan masallatai da babbar kasuwa suke. Amma a wancan zamani inda Sarkin Musulmi yake, nan fada take. Waziri yana biye da shi, manzannin sarakuna da kyaututtukansu nan suke sauka.

Bello (1817 zuwa 1837) ya yi shekarunsa na ƙarshe a Wurno. Ƙanensa Abubakar Atiku, wanda ya gaje shi, bai zauna nan ba. Aliyu Babba ɗan Bello (1842 zuwa 1859) ya dawo da fada Wurno. Ahmadu ɗan Atiku da ya biyo shi ya fi son nasa ribaɗin na Cimmola. Umaru ɗan Aliyu Babba (1881 zuwa 1891) ya sake zama a Wurno. Duk wanda ya bi jerin zai lura cewa gidan Bello ne ke jan fada zuwa nan, saboda a nan mutanensu da gonakinsu suke. Don haka ya fi daidai a kira ta mazaunin sarauta na biyu, maimakon a ce ta maye gurbin Sakkwato.

Wane yaƙi ne ya fi alaƙa da zaman Bello a nan?

Gawakuke, a 1836. Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa suka haɗa kai, Bello ya fita da rani ya tarbe su can arewa, ya ci su. Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda sun mutu a wannan yaƙi. Gobirawan da suka tsira suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar ta yau, daga can kuma hare-hare suka ci gaba shekaru da dama. Shi ya sa ribaɗin bai rasa amfani ba bayan nasarar.

Me ya sa aka binne Bello a Wurno, ba kusa da mahaifinsa ba?

Ya rasu a Wurno a watan Rajab na 1253, daidai da Oktoba 1837, aka kuma binne shi a nan. In an tuna hadisin da aka ambata a sama, babu abin mamaki: mutumin da ya yi ta kiran jama'a zuwa ribaɗi ba zai so a ɗauke shi daga nasa ba. Hubbarensa shi ne abin da ya fi kawo baƙi garin har yau. Ɗansa Aliyu Babba ma a Wurno yake kwance.

Ina labarin Nana Asma'u a nan?

Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) 'yar Shehu ce, ƙanwar Bello, matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Tun da aikin mijinta ya ɗaure shi da Sarkin Musulmi, ta yi zama a Wurno tare da shi. Ta yi waƙa kan nasarar Gawakuke, ta kuma yi wa Bello marsiyya. Tsarin 'Yan Taru, inda jaji ke jagorantar matan ƙauye su zo ɗaukar karatu su koma su koyar, ya dace da irin jama'ar da aka tara a ribaɗi, waɗanda da yawansu sababbi ne ga karatun addini. Kabarinta yana Sakkwato, kusa da na Shehu.

Waɗanne Turawa ne suka zo garin kafin mulkin mallaka?

Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya zauna a Wurno daga Afrilu zuwa farkon Mayu 1853, zamanin Aliyu Babba, kafin ya wuce Tumbutu. Ya sake sauka a 1854 a kan hanyar komawa, ba shi da lafiya, ya yi makonni yana jinya. A 1885 Joseph Thomson, wakilin kamfanin Ingilishi da daga baya ya zama kamfanin Neja, ya zo wurin Sarkin Musulmi Umaru ya koma da takardar yarjejeniya. Ingila ta riƙa nuna wannan takarda ga Faransa da Jamus a matsayin hujjar cewa ƙasar tana hannunta. A wajen fada kuwa, izinin ciniki aka bai wa baƙo, ba ƙasa ba.

Yaya aka yi garin ya koma ƙarami?

Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato a filin Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. Waziri Buhari da jama'a masu yawa suka ja zuwa Marnona, a ƙasar Wurno ta yau, aka yi shawara da malamai, sannan ya koma Sakkwato ya zauna da Turawa don kada jama'a su watse.

Daga nan Turawa suka tsayar da fada a Sakkwato, kusa da Razdan, babban jami'insu na lardi. Iyaka da Faransa ta raba Maraɗi da Tsibiri daga wannan ɓangare, yaƙin da ya sa aka gina ribaɗi ya ƙare. Garin da aka kafa don tsaro, in tsaron ya daina zama dole, kuma fada ta tashi, abin da zai rage masa shi ne ƙasarsa. Wurno ta zama gunduma. Sarautar garin ita ce Sarkin Sudan, kuma wanda ya fi shahara da ita a zamanin nan shi ne marigayi Alhaji Shehu Malami, wanda ya yi jakadancin Najeriya a Afirka ta Kudu, ya rasu a 2022.

Gaskiya ne akwai duwatsun da ake kira da sunan Wurno?

Gaskiya ne. Masana duwatsu sukan raɗa wa kowace shimfiɗar ƙasa sunan wurin da ta fi fitowa fili. A yankin Sakkwato akwai rukunin Rima mai shimfiɗa uku: ta Taloka a ƙasa, ta Dukamaje a tsakiya, ta Wurno a sama. Ta Wurno yashi ne mai laushi da laka da suka daskare, ba su da tauri sosai, shi ya sa ruwan sama ke saurin yanka kwazazzabai a gefen tudu. A bisanta akwai shimfiɗar Dange mai jibsam da fosfet, sai ta Kalambaina mai farin dutsen da kamfanin siminti na Sakkwato ke haƙa.

A lissafin masanan, shekaru sama da miliyan 60 da suka wuce wani reshen teku ya ratso Sahara ya rufe wannan yanki. Hujjarsu ita ce haƙoran kifaye da ƙasusuwan dabbobin ruwa da ake tsinta a cikin duwatsun. Ɗaya daga cikin dabbobin, wani ƙaton mai kama da kada, an sa masa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo.

Yaya yanayin yake?

Damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, mafi yawansa a Agusta. Hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Bazara, wato Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40. A tudu za a ga gawo, aduwa, kurna, magarya, kuka da bagaruwa. Gawo na da daraja ta musamman wajen manomi, domin yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ganyen kuma taki ne.

Daga ina ruwan noman rani ke zuwa?

Gulbin Rima yana tara ruwan Gagare da Bunsuru da Gulbin Maraɗi, ya biyo ta Goronyo, ya wuce ƙarƙashin Wurno, ya haɗu da Gulbin Sakkwato kusa da birni, daga nan ya yi Argungu da Birnin Kebbi har ya faɗa Kwara. Madatsar Goronyo, wadda aka gama a 1984, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, tana sama da Wurno, don haka duk abin da aka yi da ƙofofinta a nan ake jin sa. Madatsar Bakolori tana kan Gulbin Sakkwato ne, ruwanta ba ya biyowa ta Wurno. Mutane kan rikita madatsun biyu.

Kusa da gari akwai madatsar Lugu, wadda ke ba filin ban ruwa na Wurno, mai faɗin sama da hekta 1,000, ta magudanai. Ambaliya ta yi mata ɓarna, kuma duk lokacin da ta samu matsala manoma kan koma ga injin ban ruwa da 'yan rijiyoyin bututu da ake kafawa a fadama. A nan akwai iyakar da ya kamata a sani: ƙaramin injin fetur ba ya zuƙo ruwan da ya yi ƙasa da mita 7 zuwa 8. In ruwan ƙasa ya ja a Afrilu, sai a ji injin yana kuka bututu ba ya kawo komai. Maganin da ake yi shi ne a haƙa rami a saukar da injin ciki, don a rage masa nisan zuƙa.

Me ya sa tafarnuwa da albasa suke yi a nan?

Sanyin hunturu, busasshiyar iska, da ƙasar fadama mai haɗin yashi da laka. Tafarnuwa ba ta yin kai sai ta sha sanyi tana ƙarama, shi ya sa ake shuka ta a Nuwamba. Wanda ya kai Janairu bai shuka ba, zafi zai riske ta, ya samu ganye da ƙananan kawuna. Ana ɓare kan, a zaɓi manyan 'ya'ya, a dasa su tsini sama, zurfin santimita 3 zuwa 5, tazarar kusan santimita 10, a cikin fangali. Kada a ɓare iri sai ranar shuka ko jajibirinta. Tana ɗaukar wata 4 zuwa 5. In ganye ya fara rawaya yana kwanciya, a yanke ruwa kamar mako biyu kafin cira. Wanda ya ci gaba da ban ruwa don ya ƙara nauyi, a rumbu zai biya, domin ruɓewa za ta yi.

Albasa kuwa sai an yi reno. Iri kilo 3 zuwa 4 ya isa hekta guda, a bar shi mako 6 zuwa 8 kafin dashe. Abokan gabarta biyu ne: ƙananan ƙwarin da ke ɓuya a hammatar ganye suna tsotse shi har ya yi fari-fari, da ciwon da ke sa ɗigo mai ruwan hanta a ganye in raɓa ta yi yawa. Takin yuriya da aka zuba a makare yana sa wuyan albasa ya yi kauri, irin wannan kuwa ba ta ajiyuwa. Bayan cira ana shanya ta a inuwa har wuyan ya bushe, sannan a zuba a rudu, wato rumfar kara da aka ɗaga daga ƙasa don iska ta ratsa. Ribar albasa a ajiya take, domin a kaka kowa na da ita. Amma duk wanda ya ajiye sai ya riƙa juyawa yana tsince ruɓaɓɓu, in ba haka ba ɗaya ta ɓata tari.

Shinkafa fa?

Iri biyu ne. Akwai ta gargajiya da ake watsawa a fadama kafin ruwa ya sauko, tana tsawo tana bin ruwa yayin da yake hawa. Akwai ta zamani irin su Faro 44, da ake reno kwana 21 a dasa, tazarar santimita 20, ta nuna cikin wata huɗu. Ta zamani ta fi yawan amfani, amma in ruwa ya shanye kanta kwanaki da yawa ta tafi. Ambaliyar Satumba 2010, wadda ta ci gonaki da ƙauyuka tun daga Goronyo har ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta nuna haka. Sai tsuntsayen jan-baki lokacin da shinkafa ta yi nono, da kanwa da ke fitowa fari a saman ƙasa inda ruwa ke kwanciya ba magudanar fita. Filin da ya fara wannan fari yana bukatar a gyara masa hanyar zubar da ruwa, ƙarin taki ba ya warkar da shi.

Wace irin Hausa ake yi a garin?

Sakkwatanci. Baƙo daga Kano zai ji "mi" a maimakon "me", "wanga" a maimakon "wannan", "shina" a maimakon "yana", "lahiya" a maimakon "lafiya", "ɗiya" a inda shi zai ce "'ya'ya". Gidajen sarauta da na malamai da yawa asalinsu Fulani ne, amma Hausa ce harshen gida da kasuwa. Fulatanci ya fi ƙarfi a rugage.

Wane lokaci ya fi dacewa da ziyara, kuma me za a kiyaye?

Disamba zuwa Fabrairu. Zafi bai taso ba, fadama kuma tana kore shar da albasa da alkama da tafarnuwa, ana ganin bambancinta da tudun da ya bushe ƙarara. Mai son ganin gulbi a cike sai Agusta ko Satumba, amma hanyoyin ƙauyukan fadama kan yanke a lokacin.

A hubbare akwai masu kula da wurin. A yi musu sallama, a cire takalmi, a nemi izini kafin ɗaukar hoto, mata su yi lulluɓi. Mai bincike da ke son ganin tsofaffin unguwanni ko sauran alamun ganuwa ya fara gaida fada, za a haɗa shi da wanda ya san gari. Gabashin Sakkwato ya sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, musamman wajen Isa da Sabon Birni da dajin Gundumi. A tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a ranar tafiya, a fita da hantsi, a juyo kafin la'asar sakaliya.